Ba A Jefa Wa Wani: Daga Majalisar Lido Zuwa Finafinanmu

Wata hidimar biki ce ta kai ni Tambuwal bayan ɗaukewar ruwa. Mai karatu ya san yadda biki yake, tsakanin ɗaurin aure da kai amarya maza ba su da wani aiki sai zaman benci. To a nan na tsinci kaina ina kallon wasu samari huɗu suna buga lido a gindin wani dogon yaro, ba nisa da titin da ya taso daga Sakkwato ya nufi Jega. Allon irin na kasuwa ne mai gilashi a sama, da ƙwayoyin jifa guda biyu, waɗanda wasu ke ce wa dayis, da ɗan kofin roba da ake kaɗa su a ciki. Ƙaramin cikinsu bai wuce shekara 12 ba, kuma tun da aka fara bai samu shida ba, 'ya'yansa duk suna gida, idonsa har ya kawo ruwa. Sai yayansa da ke tsaye a kansa ya fizge kofin, ya kaɗa, ya kife. Shida da biyar. Kafin yaron ya kai hannu, wani dattijo mai goro da ke gefe, wanda ko cikin wasan ba ya, ya ɗaga murya.

"Kai! Wa yac ce ka jehwa mai? Hannunai ya karye?"

"Baba, ai taimako nai niy yi. Ga shi shidda ta hito."

"Ko sittin ta hito ba tashi ta ba. Ba shi kohwinai shi sake."

Yaron ya karɓa ya jefa, biyu da uku suka fito, 'ya'yansa suka ci gaba da zama a gida. Na zaci zai fashe da kuka. Ina! Sai ma ya gyara zama ya harari yayan nasa, kamar wanda aka maido wa abin da aka ƙwace masa.

Da na ƙara zama sai na ga ashe majalisar tana da dokoki da yawa da babu wanda ya rubuta su, amma babu wanda ya isa ya taka su. In ƙwaya ta faɗi ƙasa a sake. In ta jingina da gefen allo ba ta zauna sosai ba, a sake, ko da kuwa shida ce ke kallon sama. Ba a ɗaga kofi rabi a leƙa, ba a kare shi da tafin hannu. Ɗan kallo yana iya surutunsa, amma ba ya taɓa ɗan kowa. Sai kuma babbar, wadda saboda ita na ɗauki biro: ƙwaya lamba kawai take bayarwa. Wane ɗa ne zai tafi, a haɗe lambar a kan ɗa guda ko a raba ta biyu, a ci na abokin wasa ko a gudu gida, wannan duk na mai wasan ne shi kaɗai. Ba don haka ba da lido bai fi kallon ruwan sama ba.

Kwana biyu bayan nan muka gangara Kebbe gaisuwa. Kebbe fa, ba Kebbi ba, wato ƙaramar hukumar nan ta can ƙarshen kudancin jihar Sakkwato mai iyaka da Zamfara da Kebbi. A can na tarar da dattawa biyu a kan dara, gurabu 30 a haƙe a ƙasa, layi biyar sau shida, wannan da tsinkaye 12, wancan da tsakuwa 12. Ana fara dasawa ɗaya bayan ɗaya, sannan a shiga turawa, duk wanda ya jera uku ya cire ɗan abokin karawarsa guda. Babu ƙwaya, babu kofi. Da na ba ɗayansu labarin yaron Tambuwal sai ya yi tsaki, ko ɗagowa bai yi ba. "Lido wasan yara na, ɗana. Nan in anka cinye ka, kai kac ci kanka. Ba ka da wanda za ka kai ƙara."

Na san wani zai ce, to malam, mu da muka sayi mujalla don sharhin fim da littafi, ina ruwanmu da lido da dara? A yi haƙuri. Abin da ya sa maganar ta tsaya mini a rai shi ne, a daidai wannan lokacin ina bin wani fim mai dogon zango a waya, ba zan kama suna ba, kuma na kai kashi na ashirin da wani abu ban ga inda jarumar ta yanke shawara ko guda ɗaya ba. Uba ya bar wasiyya, an yi mata aure. Mota ta kaɗe mijin. Likita ya fito yana girgiza kai, ya cire tabarau, ya ce ya manta kowa. Kishiya ta je wurin boka. Can kuma aka gano ashe jarumar 'yar wani attajiri ce da aka sace tun tana jaririya. Ita kuwa aikinta kuka da canja atamfa. Duk lokacin da ya kamata a miƙa mata kofi, sai marubucin ya fizge ya jefa mata, kamar dai yayan yaron nan, kuma babu wani dattijo mai goro da zai tsawata masa.

Akwai mutanen da suka shafe shekara hamsin suna gardama a kan wannan magana, kuma ba 'yan fim ba ne. A 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons. Yadda yake shi ne, mutum huɗu ko biyar za su zauna a kewaye da tebur, kowa ya ƙirƙiri tauraronsa, wannan mayaƙi, wancan ɓarawo, waccan matsafiya, a rubuta ƙarfin kowa da rauninsa a takarda. Sai mutum ɗaya, mu kira shi uban wasa, ya riƙe duniyar labarin. Shi ne zai ce, "Kun iso ƙofar gari da magariba, an rufe, dogarai biyu na tsaye. Me za ku yi?" Wannan ya ce zai haura ganuwa, wancan ya ce zai yi wa dogaran daɗin baki. In abin da mutum ya zaɓa yana da haɗari, sai ya jefa ƙwaya. Ƙwayoyinsu ba masu fuska shida kaɗai ba ne, akwai mai fuska 4, da 8, da 10, da 12, sai uwar gayya mai fuska 20. A fagen faɗa in 20 ta fito sara ya shiga ke nan babu makawa, in 1 ta fito ka kuskure komai ƙarfinka. Wanda ya kalli Stranger Things da Netflix suka fara a 2016 ya ga yaran nan suna yin sa a ɗakin ƙasa tun a kashi na farko.

In ka duba da kyau, babu abin da ke ciki da ba mu da shi. Muna da tatsuniya, inda tsohuwa ke riƙe duniyar Gizo da Ƙoƙi. Muna da tashe, inda yaro ke shiga rigar Jatau Mai Magani ko ta Macukule daga goma ga azumi. Muna da kalankuwa, inda samarin ƙauye ke naɗa sarki da alƙali da 'yan doka a tsakaninsu bayan kaka, kowa ya riƙe muƙaminsa kamar gaske. Ga lido kuma. Su abin da suka yi, sun zuba waɗannan a tukunya ɗaya, sai ya zama masu sauraron tatsuniya su ne Gizon, kuma ita kanta tsohuwar ba ta san yadda za a ƙare ba.

Ladubban jifarsu kuwa in ka karanta wa dattijon nan na Tambuwal zai ce ai nasa ne aka sata. Ka jefa a fili kowa na gani. Kada ka taɓa ƙwayar wani sai da izininsa. Wadda ta faɗi ƙasa ko ta karkace, a yi yarjejeniya a kanta tun kafin a fara, ba sai an ga lambar ba. Ka faɗi abin da za ka yi kafin ka jefa, kada ka jefa ka ga 19 sannan ka ce ai dama kisa ka yi niyya. Shi kuma uban wasa yana da ikon ya ce gada ta karye, ko dodo ya fito, ko sarki ya fusata, amma ba shi da ikon ya ce wa ɗan wasa "ka ji tsoro ka gudu" ko "ka kamu da sonta." Duniya tasa ce, zuciyar tauraro ta mai tauraro ce. Uban wasan da ya riga ya tsara komai, ya ba ka zaɓin hanyar dama ko ta hagu alhali dodo ɗaya ne ya ajiye zai tare ka ko wacce ka bi, suna zarginsa da ɗora mutane a kan layin dogo, kuma babu zagin da ya fi wannan a wurinsu. Mutum zai ɓata darensa yana tsammani yana tuƙi, ashe fasinja ne.

Inda gardamar ta fi zafi shi ne a kan wani ɗan shinge na kwali da uban wasa ke kafawa a gabansa don ɓoye takardunsa. A bayan wannan shingen yake jefa tasa ƙwayar. To a ce ƙwaya ta nuna cewa saran dodo zai kashe tauraron da wata yarinya ta shafe wata shida tana rainonsa. Babu wanda ya gani sai shi. Ya faɗi gaskiya, ko ya ce an kuskure? Wasu sun ce tausayi ne, kuma daɗin zama ya fi lamba. Wasu sun ce maguɗi maguɗi ne, kuma ranar da 'yan wasa suka gane ba sa mutuwa, ranar ce nasararsu ta zama ta banza, har ma wadda suka ci da guminsu a baya.

Mu da muka tashi da finafinan Indiya mun san wannan gardamar tun kafin mu ji labarin wani Gygax. Ku tuna Sholay na 1975, wanda Ramesh Sippy ya ba da umarni, Salim da Javed suka rubuta. Jai, wato Amitabh Bachchan, yana da wani kwabo da yake wullawa duk lokacin da shi da Veeru, wato Dharmendra, suka rasa abin yi. Da shi aka yanke cewa su kai ɗan sandan da aka harba a jirgin ƙasa asibiti maimakon su gudu. Da shi kuma aka yanke wanda zai tsaya ya tare yaran Gabbar a bakin gada da wanda zai tafi da Basanti ya ɗebo harsashi. Sai bayan Jai ya cika a hannunsa Veeru ya juya kwabon, ya ga ashe fuskokin biyu iri ɗaya ne. Duk wanda ya kalli wurin nan a sinima ya san yadda ɗaki ke yin tsit. Galibi muna ɗaukarsa a matsayin ƙarshen amana, kuma haka ne. Amma ni duk lokacin da na sake kallo, fuskar Dharmendra nake dubawa, domin abin da ya gano a wannan minti ya wuce mutuwar aboki: duk tsawon abotarsu bai taɓa zaɓar komai ba. Da an tambaye shi da shi zai tsaya a gadar, kuma Jai ya sani, shi ya sa bai tambaye shi ba. Abin da ya sa wurin ya yi kyau shi ne maguɗin na Jai ne, ba na marubutan ba. Sun nuna mana kwabon tun farko, sun bari muna ganinsa yana tashi yana sauka, kuma wanda ya yi maguɗin da ransa ya biya. Namu marubutan kuwa kwabon a aljihunsu yake, ba ma ganinsa, sai dai mu ji an ce ga abin da ya fito.

Kuma ba haka muka faro ba. Ku ɗauki Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin littattafan farko na shekarun 1930. Malam Shehu ya sa dukiya ya aure Zainab da Abubakar ke so. Abubakar ya ƙi haƙuri, ya shiga duniya neman asirin da zai lalata ɗan da za a haifa. Yaron, Kyauta, ya tashi ɓarawo, har ta kai shi ga kashe ubansa ba da saninsa ba. A nan ma akwai wanda aka jefa wa ƙwaya tun yana ciki, wato Kyauta, amma littafin ya san cewa wannan shi ne laifin, shi ne abin tsoron da ke cikinsa. Mun ga hannun da ya jefa, mun san dalilinsa, mun ga lokacin da zai iya fasawa bai fasa ba. Asiri a Jiki Magayi makami ne da mutum ya zaɓi ɗauka. Asiri a finafinanmu na yanzu kuwa yawanci tsani ne da marubuci ke kafawa in ya rasa yadda zai sa miji ya saki matarsa.

Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ita ce ta fi ba ni wahala a wannan awo, kuma shi ya sa nake son in daɗe a kanta. A Wa Zai Auri Jahila? na 1990 magana a fili take. An cire Abu daga makaranta, an ɗaura mata aure da Sarkin Noma, tsoho sa'an ubanta. Wannan ita ce lambar da ta fito mata, biyu da ɗaya, ba ta da hannu a ciki. Amma guduwar da ta yi, da komawa karatu, ita ta ɗaga ɗanta da hannunta ta tura, kuma mai karatu na jin nauyin kowane taku. Haka Sumayya ta In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino: faɗawarta rijiya mummunan zaɓi ne, an yi ta sukar littafin a kansa a lokacin, kuma ni ma ba zan ce wa 'yar kowa ta kwaikwaya ba, amma ba mota ce ta kaɗe ta ta jefa ta ciki ba. Da an ce santsi ne ya kwashe ta da yau babu mai tuna sunanta.

Alhaki Kuykuyo Ne, shi ma na 1990, wanda aka mayar fim a 1998, kuma Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012, shi ne mai sarƙaƙiya. Alhaji Abdu ya auro Delu, ya kori Rabi da 'ya'yanta tara. Rabi ta kama sana'ar abinci ta riƙe gida, wannan nata ne, babu wanda ya jefa mata. Sai Saudatu 'yarta ta auri mai kuɗi, sai kuma gobarar kasuwa ta cinye dukiyar Alhaji Abdu. In za a yi gaskiya, waɗannan biyun shida-shida ce marubuciyar ta kife a jere, abin da a lido sau 1 cikin 36 yake fitowa. Mai son kare ta zai ce ai sunan littafin ya riga ya yi alkawarin haka, kuma gobara ba baƙuwa ba ce a kasuwannin Kano. Na yarda da rabi. Amma abin da ya wanke littafin a wurina shi ne ƙarshensa, wanda mata da yawa suka ce ya ɓata masu rai. Bayan Rabi ta tsaya da ƙafarta, sai maza suka taru aka matsa mata ta koma wa mutumin da ya wulaƙanta ta. Ga shi dai an fizge mata kofi, to amma wa ya fizge? Mutanen da ke cikin labarin, a gabanmu, muna ji muna gani. Marubuciyar ba ta ce mana Rabi ta yi farin ciki ba. Takaicin da mai karatu ke rufe littafin da shi, shi ne saƙon. Akwai tazara mai nisa tsakanin littafin da ke nuna yadda ake hana mace zaɓi da littafin da shi kansa ya hana ta zaɓi don bai ɗauke ta mutum ba. Yawancin abin da ake turo mana a WhatsApp shafi-shafi a na biyun yake, ko da yake marubutan na rantsuwa na farkon suke yi.

Na san amsar da ake ba mai irin wannan ƙorafi, don an sha ba ni. A ce, malam, ba ka yarda da ƙaddara ba ne? Mu Musulmi ne, labarinmu dole ya nuna bawa ba ya wuce abin da aka rubuta masa. To na yarda da ƙaddara mai kyau da marar kyau, amma a yi hattara da wannan magana. Malamanmu da suka karantar da mu ƙaddara su ne suka karantar da mu cewa za a yi wa bawa hisabi a kan abin da ya aikata, kuma ba a hisabi a kan abin da ba ka da zaɓi a ciki. Marubucin da ya rasa yadda zai raba masoya ya aiko da tirela, sannan ya sa wani tsoho ya ce "haka Allah ya so," kasalarsa ce ya lulluɓe da rawani. Hatsari na faruwa, wanda ke bin titin Sakkwato zuwa Jega ba sai an ba shi labari ba. Mutanen ƙauyukan Kebbe da matsalar 'yan bindiga ta taɓa a 'yan shekarun nan sun fi kowane marubuci sanin abin da ake nufi da masifar da ba ka gayyato ba. Amma ka zauna da su ka ji: hirarsu duk a kan abin da aka yi bayan nan ne. Wa ya tsaya, wa ya kwashe iyali ya koma cikin gari, wa ya sayar da shanun noma, wa ya ƙi. A nan labari yake, kuma nan ne kyamararmu ke tsallakewa ta tafi waƙa.

Tun da an taɓo addini, bari in faɗi wannan kada a ce ina tallar lido. Caca haramun ce, aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta haɗa ta da giya, kuma akwai hadisi mai tsanani a Sahihu Muslim a kan wasan nardu, wanda da ƙwaya ake yin sa, har Imamu Malik ya ware masa babi a Muwaɗɗa. Da yawan malamai da wannan suke hana lido ko babu kuɗi a ciki. Wannan fagensu ne, ba nawa ba. Ni dai abin lura a wurina shi ne ƙuri'a, wadda ita an yarda da ita: ya tabbata Annabi (SAW) yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa in zai yi tafiya. Ana yin ta ne a inda haƙƙi ya zo daidai, a gaban waɗanda abin ya shafa, kuma ba a sake ta don sakamakon bai yi wa wani daɗi ba.

Wanda ke son ya ga yadda ake mayar da wannan ladabi fim, ya nemi Dungeons & Dragons: Honor Among Thieves na 2023, wanda Jonathan Goldstein da John Francis Daley suka ba da umarni. Ba wani gagarumin fim ba ne, barkwancinsa ma wani wurin ya yi yawa, kuma mugunyar matsafiyar da ke ciki ba ta da wani zurfi. Ko ƙwaya ɗaya ba a nuna ba, amma kana jin ƙararta. Akwai wurin da jarumi Xenk ke tsaka da bayanin yadda za a taka wata tsohuwar gada dalla-dalla, sai Simon ya ɗora ƙafa bisa kuskure, gadar ta ruguje gaba ɗaya. Wannan 1 ce ta fito. Marubutan ba su aiko da tsuntsu ya ɗauke su ba, sai da 'yan tafiyar suka duba kayan hannunsu suka gano wata sanda da Holga ta ɗauko tun baya. A ƙarshe kuma Edgin, wanda Chris Pine ya fito a matsayinsa, ya samu allon da ke tayar da mamaci ɗaya tak, abin da ya sha wahalar fim ɗin gaba ɗaya a kansa don ya dawo da matarsa. Sai ga Holga, wadda ta raini 'yarsa, kwance tana mutuwa. Babu wanda ya zaɓa masa. Da a wurinmu ne, wallahi da an gano allon na iya tayar da mutum biyu, a haɗa su kishi a kashi na biyu.

Akwai wata dabara kuma da nake ganin marubutanmu za su ci riba da ita fiye da duk wannan. Wani mai tsara wasa, Vincent Baker, ya fito da Apocalypse World a 2010, kuma ƙwaya biyu masu fuska shida yake amfani da su, irin na lido sak. In jimla ta kai 10 ko fiye, ka samu abin da kake so. In 6 ce ko ƙasa, abu ya ɓaci. Amma in ta faɗa tsakanin 7 da 9, to ka samu, sai dai da tsada: ka tsira amma ka bar wani abu a baya, ko a ajiye maka abu biyu a ce ɗauki ɗaya. In babu ƙari babu ragi, wannan tsakiyar tana fitowa sau 15 cikin 36, samun kai tsaye kuwa sau 6 kacal. Uban wasan ma a wannan tsari ba ya jifa sam, ƙwaya a hannun 'yan wasa take. Finafinanmu ba su san 7 zuwa 9 ba. Ko dai jaruma ta auri attajiri kishiya ta haukace, ko ta mutu da ciwon zuciya. Ina wadda za ta samu mijin da take so amma ta rasa shirin uwarta har abada, kuma ta san haka kafin ta amsa? Ina yaron da zai samu kuɗin karatu amma sai an sayar da gonar ƙannensa, a ce masa to kai muke jira? Furodusa zai ce 'yan kallo ba sa son haka. 'Yan kallon da suka haddace Sholay?

Ranar da za mu baro Tambuwal na sake bi ta gindin dogon yaron nan da la'asar. Yaron na nan, ya samu shidarsa, 'ya'yansa biyu na waje. Ya jefa huɗu da uku. In ya haɗa su a kan na gaba zai ci ɗan wani ƙato da ke zaune daura da shi, in ya raba zai kuɓutar da na baya da ake bi. Majalisa ta kaure, kowa na faɗin tasa, yayan nasa ya fi kowa ɗaga murya amma hannunsa na cikin aljihu. Yaron ya daɗe yana kallon allon. Direbanmu ya yi ta danna oda, dole na tafi ban ga wanda ya ɗaga ba.